Wa Ke Tantance Mai Maganar Lafiya Kafin Ya Tsaya Gaban Bagade?

Wata Lahadi kwanan baya, bayan an karɓi baiko, magatakarda ya gama karanta sanarwa sai ya ce muna da baƙo, zai ɗan yi mana magana a kan lafiyar jiki. Baƙon ya tashi cikin kwat, da jaka a hannu. Ya fara da ayar da kowa ya sani, cewa jikinmu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, jama'a suka amsa da amin. Daga nan ya gangaro kan abin da ya kira dattin ciki. Ya ce shi ne tushen hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa da rashin haihuwa, ya ce ƙwayoyin asibiti danne ciwo kawai suke yi, ba sa tumɓuke shi. Kafin ya zauna ya sanar cewa ya ajiye tebur a bakin ƙofa.

Da aka tashi daga sujada na hangi wata dattijuwa, gwauruwa, wadda na san ta daɗe tana shan maganin hawan jini. Ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga kuɗi, ta karɓi kwalba biyu. Na matsa na gaishe ta, na ce, "Mama, don Allah kada dai ku ajiye ƙwayar da asibiti suka ba ku."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai kai ma ka ji da kunnenka, a gaban bagade aka faɗa. Da ƙarya ce, Baba Fasto zai bari?"

Wannan amsa ta hana ni sukuni. Mama ba ta yi wauta ba. Ta amince da gidan da ta yi shekara da shekaru tana amincewa da shi, kuma gidan ne ya miƙa wa mutumin makirufo.

Ni ina goyon bayan a riƙa maganar lafiya da abinci a cikin ikilisiya, ina ma ganin ba ma yin ta yadda ya isa. Abin da nake ƙi shi ne a bar ta ba mai tsaron ƙofa. Ban san wata ikilisiya da za ta ba baƙon da ba a san asalinsa ba dama ya yi wa'azi ba. Sai an tambaye shi daga ina yake, wace makarantar Littafi Mai Tsarki ya yi, wa ya aiko shi. Dattawa su zauna su duba. Amma da zarar mutum ya ce maganar lafiya ce ya kawo, sai tambayoyin nan duk su kau, a ba shi minti goma a kan jama'ar da ta fi ta kowane asibiti yawa a ranar. Ina so irin tsantsenin da muke yi wa koyarwa mu yi shi ga shawarar lafiya: a san mai magana, a san horon da ya samu, kada ya sayar da komai, kada kuma wani ya ce wa wani ya daina shan maganinsa.

"Ku bar wa asibiti, mu aikinmu rai ne"

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini mafita mai sauƙi ita ce a hana maganar lafiya gaba ɗaya. Majami'a wurin ceton rai ce, jiki kuwa na likita ne. Na fahimci dalilinsa, amma ban yarda ba.

Da farko dai tarihinmu bai tafi haka ba. Bishara ta shigo ƙasar nan da akwatin magani a gefenta. Asibitin Vom a Filato tun 1922 yake. 'Yan mishan da suka fara aiki a Garkida a 1923 ba su daɗe ba suka buɗe wurin magani. Asibitin ido na ECWA a Kano ya faro a 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, ga na Wusasa a Zariya, ga Jankwano a Jos. Kakanninmu da yawa a layin karɓar magani suka fara jin sunan Yesu. Shi kansa Ubangiji, da ya tashi 'yar Yayirus daga matattu, abin da ya umarta nan take shi ne a ba ta abinci. Manzo Bulus ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, yana kuma kiran abokin tafiyarsa Luka da likita.

Na biyu, ko mun yi shiru daga bagade, maganar ba za ta tsaya ba. Ana yin ta a taron Zumuntar Mata, ana yin ta a gindin bishiya bayan sujada, ana turo ta a zauren WhatsApp na ikilisiya da tsakar dare. Hana ta a fili yana nufin a bar filin ga wanda ya fi kowa ƙarfin murya.

Na uku kuma, mun riga mun ga abin da ikilisiya ke iya yi idan ta ɗauki maganar lafiya da gaske. Yau a majami'u da yawa ba a ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Wannan doka ta sa matasa da yawa sun san ko su AA ne ko AS ne, wato masu ɗauke da gadon sikila a jininsu, sun kuma san cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da yaro mai sikila. Gwamnati ta yi ta shela a rediyo, amma kwamitin aure ne ya sa mutane suka miƙa hannu aka ɗebi jini. Abin da ya sa wannan ya yi aiki shi ne ikilisiya ba ta ce ita ce ɗakin gwaji ba. Ta tura mutane wurin masu sani, ta tsaya a bayansu da nauyinta.

Wace hukumar lafiya ce take da mutum ɗari uku da ke zuwa da ƙafarsu kowane mako, tsoho da yaro da mai ciki, su zauna su yi shiru su saurara? Mu muna da su. Barin wannan dama ta wuce asara ce babba.

"Ai ganye ne kawai, ko bai yi magani ba, ba zai cutar ba"

Wannan ce maganar da na fi ji, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro.

Duk wanda ya yi wayo a watan Agusta na 2014 zai tuna daren ruwan gishiri. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, tsoro ya cika ƙasa, sai saƙo ya bazu cewa a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Waya ta yi ta ƙara har gari ya waye. Ba maƙiyi ne ya kira ka ba, yayarka ce, ko shugabar ƙungiyarku ta addu'a, cikin ƙauna da hawaye. Mutane sun mutu, an kwantar da wasu da dama a asibiti, alhali Ebolar ba ta ko kusanci garuruwansu ba. Gishiri ne kawai, wanda ke kowane kicin. Amma ga mai hawan jini, kofin ruwan gishiri guba ne.

Tun kafin wannan, a shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Iyayen da suka dama kunun ba mugunta suka yi ba, gata suke yi wa 'ya'yansu. Kanwa dai dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki sai nauyi ya yi mata yawa.

Ko shawarar da take daidai ma ba ta kowa ba ce. "A sha ruwa da yawa" magana ce mai kyau ga yawancinmu, musamman a zafin Maris da Afrilu. Amma a cikin jama'ar akwai mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya wanda likita ya ƙayyade masa ruwan da zai sha a rana. Zuma abinci ce mai kyau, amma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Acha abincin kirki ce, mutanen Filato suna da dalilin yin alfahari da ita, amma mai ciwon suga da aka ce masa acha magani ce, ya cika kwano ya ci ya ƙara, sugansa zai hau. Wanda aka horar ya san inda zai ce "sai dai". Mai maimaita abin da ya ji a waya bai san akwai "sai dai" ba.

Sannan babbar illar ganyen ba lallai a cikin ganyen take ba. Tana cikin abin da ake ajiyewa saboda shi. Hawan jini ciwo ne marar hayaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Mutum zai ajiye ƙwayarsa ya koma kan tafarnuwa da ruwan shuwaka, ya yi wata biyu yana jin garau, yana gaya wa kowa ya warke, jini kuwa yana can sama da 140 bisa 90 yana cin jijiya da ƙoda a ɓoye. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, sai a ce harbin maƙiya ne, a fara zargin kishiya ko ɗan'uwan da ake rigimar gona da shi. Gida ya rasa mai nema, zumunci kuma ya lalace.

Maganar da aka ji a majami'a kamar ruwan randar gida take, ba wanda ke tace ta kafin ya sha. Shi ya sa alhakin mai zuba ruwan ya fi na mai talla a tasha nauyi.

Shaida da azumi

Nan ne maganar ta fi wuya, domin nan ne ake cewa mutum ba shi da bangaskiya.

Na gaskata Allah yana warkarwa. Ina zuwa addu'ar marasa lafiya, kuma wasiƙar Yaƙub ta ce mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne irin shaidar da ake rufewa da "na zubar da magungunana", jama'a su tashi da tafi da guɗa, ganga ta ɗauka. Mai shaidar ya koma ya zauna. Amma a layi na bakwai akwai wata baiwar Allah da ke shan maganin ƙanjamau a ɓoye, ga wani saurayi da ya yi wata uku cikin wata shida na maganin tarin fuka, tarin ya lafa, ƙwayoyin sun gundure shi. Abin da suka ji shi ne masu bangaskiya ta gaske ba sa shan magani. In saurayin ya tsaya a wata uku, tarin yana iya dawowa da taurin da maganin farko ba zai ƙara jin sa ba, ya kuma raba wa mutanen ɗakinsu.

Da Yesu ya warkar da kutare goma, cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, domin a dokar Musa firistoci ne masu duba fata su tabbatar ko mutum ya tsarkaka. Bai ɗauki dubawar a matsayin raini ga ikonsa ba. Don haka ban ga abin kunya ba idan Fasto ya ce wa mai shaida, "Mun gode wa Allah tare da kai. Ka koma asibiti su sake gwadawa, ka ci gaba da maganinka har likita ya ce ka tsaya, sa'an nan ka dawo mu ƙara yin godiya." Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwaji.

Haka batun azumi. Ikilisiyoyi da yawa suna buɗe shekara da azumi na kwanaki, wasu har 21, ga kuma azumin kwana 40 kafin Ista a wasu ɗarikun. Ana sanar da lokacin farawa da na buɗe baki da batutuwan addu'a. Da wuya ka ji an ƙara da cewa mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage suga kada ya shiga sai ya ga likitansa. Mutumin nan in ya sha magani da safe bai ci komai ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, ido ya yi duhu, magana ta rikice, ya yanke jiki ya faɗi. A tsakiyar addu'a mai zafi, wa zai gane? Ana iya kewaye shi ana tsawata wa aljani, alhali in yana iya haɗiya, ruwan suga rabin kofi ne zai dawo da shi, in kuwa ya suma, asibiti za a nufa da gudu.

Mai ciki, mai shayarwa, mai gyambon ciki, mai sikila, tsoho mai rauni, duk suna zaune suna jin kunyar a gan su da abinci. Jimla biyu daga bakin Fasto za su sauke musu wannan nauyi: Allah ba ya neman ka kashe kanka, akwai hanyoyin ƙasƙantar da kai a gabansa ban da barin abinci. In nas ce ta faɗa, za a ce ra'ayinta ne. In daga bagade ta fito, ta zama izini.

Wani abu kuma a gefe, tunda muna kan addu'a. Mu daina karanta sunan mutum da sunan ciwonsa a roƙon addu'a ba da yardarsa ba. Mutane da yawa suna ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu don sun san in mutum ɗaya ya ji a majami'a, unguwa ta ji.

"Ɗan'uwanmu ne, neman abinci yake"

Gaskiya ne, kuma rayuwa ta yi tsada. Sau da yawa mai sayar da kayan ba baƙo ba ne, ɗan ƙungiyar mawaƙa ne ko matar wani dattijo, ta shiga kamfanin da ake hawa mataki da yawan mutanen da ka jawo. Ba na cewa macuta ne. Yawancinsu sun gaskata abin da aka koya musu.

Amma wanda abincinsa ke cikin kwalbar ba zai iya zama mai ba da shawara a kan kwalbar ba. Ya yi kasuwancinsa a kasuwa, inda mai saye ya san ciniki ake yi, yana iya tayawa, yana iya wucewa. A harabar majami'a gwauruwa ba ta san ciniki ake yi ba, ta ɗauka hidima ce.

In an ce ai akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sai a juya kwalbar a karanta ƙananan rubutun. A kan yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajista, a rubuce yake cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Lambar ba shaidar cewa abin yana maganin suga ko hawan jini ba ce. Kuma duk kwalbar da aka ce ita kaɗai tana maganin ciwo goma sha biyu, daga basir har rashin haihuwa, wannan kaɗai ya isa dattawa su ce a'a.

"Mu a ƙauye ina muka ga likita?"

Wannan ƙorafi ne mai nauyi, ba kuma zan yi kamar kowace majami'a tana da likita a benci ba. Amma ba likita ake bukata don a faɗi abubuwan da suka fi ceton rai ba. A yawancin gundumomi akwai nas, ko ungozoma, ko jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi, ko wanda ya yi ritaya yana zaune a gida da iliminsa. Sau da yawa suna cikinmu, mun sa su a kwamitin gini ko na karɓar baƙi, ba mu taɓa cewa su tsaya su koya mana abin da suka sani ba.

Akwai ma misali a gidanmu. A shekarun 1970, shirin lafiya na karkara da mutanen Ikilisiyar 'Yan'uwa suka kafa a Garkida ya riƙa ɗauko mutanen da ƙauyukansu suka zaɓa, a horar da su na ɗan lokaci, su koma suna koyar da tsabta da abinci da rigakafi ta hanyar labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Ba likitoci ba ne. An koya musu abubuwa kaɗan tabbatattu, an koya musu iyakarsu, akwai kuma masu bin sawunsu. Abin da nake roƙo ke nan.

Abubuwan da za a faɗa ma ba su da yawa. Jariri ya sha dakashi, kada a matse a zubar, ya sha nono zalla wata shida ba ruwa. Yaro mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da suga na leda, a haɗa yadda aka rubuta, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi abinci. Zazzaɓi a gwada kafin a sha magani, domin ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ko taifod ba. Mai ciki ta je awo. A kwana cikin gidan sauro. A kammala rigakafin yara. Babba ya auna jininsa ko yana jin lafiya. Mai ciwon da ya wuce wannan, a nuna masa hanyar asibiti, in ba shi da kuɗin mota a haɗa masa.

Kada kuma a ɗauka ina raina sanin iyayenmu mata. Su ne suka riƙe gidaje da miyar kuka da daddawa, da kwaɗon zogale da rama, da gwate mai ganye, da kunun gyaɗa, da wake. Masana abinci ba su zo da abin da ya fi waɗannan ba. Abin da ke ba ni haushi ma shi ne mai jawabi ya tsaya gaban matan da kwanon masara ke gagara, yana lissafa musu tuffa da inabi da man zaitun da wani garin gwangwani daga waje. Su koma gida da tunanin cewa lafiya ta masu kuɗi ce. Yaƙub ya yi magana a kan wanda ke ce wa mayunwaci ya tafi ya ƙoshi ba tare da ya ba shi komai ba. Shawarar da ba a iya saye a kasuwar garin ita ma haka take.

Na ga inda Zumuntar Mata suka yi abin da ya fi jawabi. Kowace ta kawo abin da take da shi, wata gero, wata waken suya, wata gyaɗa. Aka soya kowanne daban a babban kasko, aka surfe waken aka fece ɓawon, aka haɗa aka kai inji. Nas ɗin da ke cikinsu ta dama kunun a gabansu, ta ɗebo a cokali ta karkata shi don su ga kaurin da ake so, wanda ba ya tsiyayewa kamar ruwa, domin kunu tsararo cika cikin yaro yake yi ba tare da ya ƙosar da shi ba. Ta ce a ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. Aka ƙulla garin a leda, masu yaran da aka fara ba abinci suka tafi da shi, waɗanda ba su kawo komai ba ma aka ba su. Ba wanda ya sayar da komai, kuma kowace mace a wurin za ta iya maimaita shi a gidanta.

Teburinmu

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka bari in taɓo abin da muke ci a harabar majami'a. Bikin aure, suna, godiyar kaka, taron ƙungiya, zaman makoki, duk da kiret-kiret na lemon kwalba muke yin su. Babbar kwalba ɗaya tana iya ɗaukar suga kimanin cokalin shayi goma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba kada ya wuce kamar cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Muna miƙa wa dattijo mai ciwon suga kwalba biyu don girmamawa, shi kuma ya sha don kada a ce ya raina. Gishiri kuwa, abin da aka shawarta bai kai cikin cokalin shayi ɗaya a yini ba, wato ƙasa da giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen magi, wanda shi ma yawancinsa gishiri ne. A leƙa tukunyar dafa-dukar biki a ga yawan dunƙulen da ake ɓarewa, sa'an nan a bi da gishiri.

Ba na cewa a yi biki lami. A ajiye ruwa mai sanyi a kowane tebur, a yi zoɓo da kunun zaƙi masu sauƙin suga, a rage magi a ƙara daddawa. Mata masu girkin ikilisiya in suka sauya hannu, gidaje ɗari za su bi, domin a wurin girkin biki ne 'yan mata ke koyon awon gishiri.

Abin da zan kai gaban dattawanmu a zamansu na gaba ba shi da tsawo. A naɗa mutum biyu ko uku masu horon lafiya, duk maganar lafiya da za a yi a sujada ko a tura a zauren ikilisiya ta bi ta hannunsu. A hana tebur ɗin talla a harabar. A sayi na'urar auna hawan jini, wadda kuɗinta bai kai na lemon babban biki ɗaya ba, a riƙa aunawa Lahadi ɗaya a wata a ɗaki mai ƙofa, sakamakon ya tsaya tsakanin mai aunawa da wanda aka auna. Sa'an nan kafin azumin farkon shekara, Baba Fasto da bakinsa ya faɗi waɗanda aka ɗauke wa, ya kuma maimaita a Lahadi ta biyu saboda waɗanda ba su zo ta farko ba.